Farin Salatif na Kunnen Hagu

Lahadi, 2 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Littafin nan na saye shi ne don in riƙa rubuta kayan sitidiyo, wace waya ta tsinke, wane makirfo ke kuka. To ga abin da ya koma. Na kasa gaya wa matata, na kasa gaya wa Dogo mai jita, bari in gaya wa takarda, ita dai ba za ta kai gaba ba.

Jiya da yamma Yaya ta tsaya a tsakiyar waƙa. Shekara goma sha tara ina bayan na'ura ina haɗa mata sauti, ban taɓa ganin haka ba. An taɓa ɗauke wuta tana kan dandamali, ta ci gaba da bakinta kawai, zauren ya yi tsit har ta kai ƙarshe. Amma jiya wuta na nan, komai na nan. “Kujerar Baba” take yi, waƙar da ko daga barci aka tashe ta za ta rera. Ta faɗa baiti na biyu tun Dogo bai iso wurin ba, ta juya hagu ta dube shi, ta kai hannu ta taɓa kunnenta, ta yi shiru. Jama'a suka zaci salo ne, suka karɓe waƙar suka ƙarasa mata suna tafi. Ta yi musu murmushi, ta ɗan rusuna, ta sauka.

A mota ta ce, “Auta, ɓangaren nan ya mutu. Wayarka ce?” Na ce zan duba. Na san ba waya ba ce.

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Asibiti tun safe. Ni na tuƙa, don Malam mijinta yana da aji. A layin jira wata nas ta wuce da keken magani, ta dawo da baya, ta tsaya tana kallon Yaya, sai kawai ta fara rera “Layin Asibiti” ƙasa-ƙasa. Yaya ta yi dariya, ta ce mata ta ci gyara a amshi, ta zauna ta gyara mata. Mace kunnenta a toshe, amma tana koya wa nas amshi. Haka take tun fil'azal.

A kan irin bencin nan ta rubuta waƙar, shekarar da Baba ya kwanta, da fensir a bayan kwalin magani. Ina gefenta ina cika ina batsewa, wai mahaifinmu na ciki yana fama ita tana waƙa. Sai da na ji waƙar na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar rasuwar.

Likita ya sa mata abin kunne, ya ce ta ɗaga hannu duk sanda ta ji ƙara. A dama hannu na ta tashi. Da ya koma hagu na ga yana murɗa na'urarsa, yana ƙara murɗawa, hannun Yaya na kan cinyarta. Ni na san wannan murɗawar.

Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun Asabar. Ya ce in dai kwatsam abin ya zo, akwai ƙwayoyi, kuma yakan dawo cikin mako biyu ko uku. In kuwa ya daɗe yana tafiya a hankali, to wannan wata magana ce. Ya sake tambaya ko ta taɓa lura da wani abu kafin nan. Ta ce a'a, ta nuna ni da haɓa.

“Ga mai gadin kunnena nan. Da akwai, da ya faɗa mini.”

Na ce haka ne.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe, a sitidiyo

Ba kowa. Na share ɗakin, na naɗe wayoyin da suke a naɗe.

Ina da wata ɗabi'a da nake taƙama da ita. Kowane mawaƙi da irin ƙarfin sautin da yake so a hedifonsa. Ni kuwa ba na dogara da ƙwaƙwalwa, sai in manna farin salatif a gefen mariƙin da ake turawa sama da ƙasa, in ja layi da biro daidai inda mutum ya ce ya yi, in sa kwanan wata. Gobe in ya dawo ya tarar da abinsa yadda ya bari. Masu koyon aiki har hoton salatif ɗina suke ɗauka.

Yaya kunne ɗaya take sa wa hedifon, na hagu. Na dama takan bar shi a buɗe, wai tana so ta ji ɗaki yana numfashi. Nata mariƙin shi ne na bakwai. Shekara da shekaru layi ɗaya ne a salatif ɗinta, ƙasa sosai, har nakan yi mata tsiya cewa tana jin tafiyar tururuwa. Wata ashirin da uku da suka wuce ta ɗaga mini babban yatsa ta bayan gilashi, ta ce in ƙara kaɗan. Na ƙara, na ja layi. Bayan wata biyu ta sake.

Yau na ƙirga su. Goma sha bakwai ne. Bayan layin asalin, biyar na farko ita ta ce a ƙara. Sauran ni nake riga ta, in tura kafin ta iso, don kada ta tambaya.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ban gaya mata ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je gidanta. Na tarar da ita a falo ta jera ƙwayoyi a faranti, ta ja layuka a kalanda, tana cike da fara'a. An hana ta hayaniya, an hana ta hedifon, Malam ya cire batirin rediyo ya ɓoye a aljihunsa kamar mai gadin jarrabawa. Ta ce sauran kwana goma sha shida, in kunne ya dawo sai mu ɗauki waƙar ƙarshe mu rufe sabon kundin waƙoƙin. Tara na hannu, saura ɗaya.

Inna ta zo da ledar lemu da faɗa. Ta ce tun muna yara take cewa a daina cusa abu a kunne, ba mu ji ba. Ta dube ni ta ce kai kuma ka rame, matarka ta daina girki ne? Shekarata arba'in da ɗaya, da furfura a gemuna, amma a gidanmu har gobe Auta ne.

Waƙar ƙarshen sunanta “Keken Inna”. Inna tela ce, da keken ɗinki ta raine mu. Yaya tana ƙarama takan shige ƙarƙashin teburin ta dafa takalmin keken da hannu, Inna na takawa, ita tana ƙirƙiro waƙa a kan bugun. Inna ta ce sau uku tana take mata yatsa, yarinyar nan ko uffan, sai dai ta canja hannu. Har yau duk waƙar da Yaya ta gama, Inna take fara rera wa. In Inna ta ci gaba da abin da take yi, waƙa ta koma aljihu. In ta dakata ta ɗago kai, to a kira Auta ya kunna na'ura. Gidajen rediyo ba su san cewa wata tsohuwa mai tabarau a goshi ce ke tace musu abin da za su sa ba.

Na zauna a hagunta ba da niyya ba. Sau biyu na yi magana ba ta juyo ba. Na tashi na koma dama, na ce fanka ce ta dame ni.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Waya ta ƙi yin shiru. Wani ya ce ta rabu da makaɗanta, wata ta ce ciki ne da ita, wani ɗan jarida ya ce majiya mai tushe ta tabbatar masa muryar ce ta tafi. Majiyar gidanku. Na ce hutawa take yi, na kashe.

Dogo ya zo canja tsirkiya. Ya daɗe yana ɗaurawa yana kwancewa, sannan ya ce shi fa ya kai shekara yana lura Yaya ba sauraron jitarsa take yi ba, hannunsa take kallo. Ranar Asabar ɗin fitila ce ta haske mata ido, ba ta ga hannun ba. Ya ce ya zaci tsufa ne ke kama mu duka, shi ya sa bai tanka ba. Sai ya ɗago ya dubi na'ura, ya dubi lamba bakwai. Na ɗora littafin nan a kan salatif ɗin.

Na ce masa in ya gama ya ja mini ƙofa. Mutumin da muka kwana a tasha tare, muka tura mota tare, yau na kore shi kamar mai tallan caja. Raina ya ɓaci, kuma ba da shi ba.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Akwai wata rana bara da ba na so in rubuta. Bari dai in rubuta.

Ta cire hedifon, ta juya shi a hannu, ta ce, “Auta, abin nan ne ya tsufa ko ni ce?” Da dariya ta faɗa. Amma ni na san dariyar Yaya kala-kala, wannan ba ta cikinsu. Na ce hedifon ne mana, ai ya sha jiki. Washegari na kawo sabo fil a kwalinsa, na tura lamba bakwai sama kafin ta shigo. Ta sa, fuskarta ta washe, ta ce ka ji magana, ashe kayanka ne gwanjo.

Ranar ta rera waƙa uku a ɗauka ɗaya-ɗaya. Na koma gida ina jin na yi abin kirki.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Ban gaya mata ba. Na je har ƙofar gidan, na ga takalman baƙi, na juya.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

A shagon mai gyaran taya na ji rediyo na maimaita tsohuwar hirarta. Mai gyaran ya ajiye ƙarfensa yana sauraro, ya ce mini wannan matar ita ce ta rera rayuwarsa kaf, bai san ni ƙanenta ba ne. Na ce ai kam ta iya.

Ta ba su labarin farkonmu, kuma ba ta ƙara gishiri ba. Tana aikin buga takardu a wani ofis, tana rubuta baitoci a bayan takardun da suka lalace. Ni ina gyaran rediyo. Muka jingina katifata da bango don kada ƙara ta dawo, muka rataye makirfo a jikin ƙusar labule, muka jira maƙwabci ya kashe injin markaɗensa. Haka aka yi waƙar farko. Gidan rediyo uku suka mayar mana da ita, wai ba kiɗan rawa, wai wa zai saurari mace tana waƙar kujera da layin asibiti da mai shara. Aka ce ta sa sunan wani babba a ciki ko za a dube ta. Ta ce ita mai sharar ta sani, shi babban ba su taɓa gaisawa ba. Shekara huɗu muna yawo a ƙananan zauruka kafin mutane su fara rera mata baitocinta tun ba ta kai wurin ba.

Sai mai hirar ya tambaye ta batun kwamfutar da ke daidaita murya in ta kauce. Ta ce, da wannan muryar tata mai sanyi, ita muryarta ba ta taɓa shiga injin gyara ba, ƙanenta ne injin, in ta kauce zai ce ta kauce, su sake.

Da haka ne. Shekara goma sha bakwai haka ne. In ta gama ta dube ni ta bayan gilashi ta ce, ya yi? In ce bai yi ba, ta zage ni, ta ce kunnen jaki gare ni, ta sake. Wata waƙar sau talatin muka yi ta. Amma waƙoƙi taran nan na sabon kundi, babu wadda ban taɓa ba. Ta ce ya yi? In ce ya yi, Yaya. In ta tafi in zauna in ɗaga inda ta sauka, in sauke inda ta hau. Har yabona ta yi, wai na girma na daina gardama.

Na biya mai taya na tafi, na manta ban karɓi tayar ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau na yi abin da ya fi duk na baya muni.

Muna zaune a baranda, ta ce tana jin kamar abin ya fara sakin ta, in gwada ta. Ta toshe kunnen dama da yatsa, ta rufe ido, ta miƙo mini na hagu, ta ce in faɗi wani abu a hankali. Na matso. Ina ganin ɗan kunnenta, wanda Baba ya saya mata da ta gama makaranta. Na ce, “Yaya, na sani tun shekara biyu. Ni na ɓoye miki.”

Ta buɗe ido tana murmushi. Ta ce ta ji kamar iska-iska, ka ga alama ce, me na ce? Na ce cewa na yi shayinta ya huce.

Ta yi dariya ta ɗauki kofin. Ni matsoraci ne, ban da wani suna da zan kira kaina.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na ɓare salatif ɗin da niyyar in jefa a kwandon shara. Ya manne mini a yatsa. Ga shi nan na manna shi a bangon littafin nan ta ciki.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Matata ta gani. Ba bincike ta yi ba, biro take nema. Ta tambaye ni layukan mene ne, na buɗe baki in yi ƙarya sai gaskiya ta zubo. Ta zauna a bakin gado ta ji har ƙarshe, ba ta katse ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka ɗaura mana aure.

Na ce tsoro na ji. In na faɗa, za ta je asibiti, a ce ta daina, ni kuma ban san Yayar da ba ta waƙa ba, ban san me za ta zama ba. Matata ta ce, ko dai ba ka san me kai za ka zama ba. Na yi kamar in tashi in fita. Ta ce in zauna, ba ta gama ba. Ranar Alhamis ne komawa wurin likita, kuma matar nan tana shan magani a kan labarin da ba shi ba ne, tana ja wa kalanda layi. In ban faɗa ba kafin nan, ita za ta je ta faɗa, kuma ba za ta iya yi mini ado a ciki ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Gobe.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Na faɗa.

A ɗakin rubutunta na same ta, ɗan ƙaramin nan mai taga ɗaya, da kwalayen takardu har rufi. Duk abin da ta taɓa rubutawa yana nan, har kwalin maganin Baba. Na zauna a damanta. Na buɗe littafin na nuna mata salatif ɗin, na yi bayani tun daga layin farko. Na haɗa da na kwamfutar, don na san in na bar shi ba zan ƙara samun bakin faɗa ba.

Ta sa tabarau. Ta bi layukan da farce ɗaya bayan ɗaya, tana karanta kwanan watan, leɓenta na motsi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta zage ni.

“Ranar da na tambaye ka hedifon ne ko ni ce, wanne ne a nan?”

Na nuna mata na tara.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce ashe takwas ne a samansa. Ta tambaya ko waƙoƙi taran duka na taɓa, na ce duka. Ta ce har da wadda Inna ta ajiye allura ta yi hawaye a kanta? Na ce har da ita, wuri biyu.

Ta ɓare salatif ɗin daga littafina a hankali don kada ya yage, ta manna a bayan hannunta. Ta ce, “Tashi ka tafi gida, Auta.”

Talata, 18 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ba ta kira ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Malam ne ya kai ta. Shi ya kira ni bayan sun fito, da muryarsa ta malamin lissafi, ba hawa ba sauka. Ya ce ta miƙa wa likita salatif ɗin, likita ya ce bai taɓa samun majinyaci da ya zo da tarihin ciwonsa a rubuce daki-daki haka ba, ya nemi ya ɗauki hotonsa. An tsayar da ƙwayoyin. Za a ƙara wasu gwaje-gwaje. Na dama lafiya lau, kuma shi za a tsare yanzu.

Na ce na hagun fa? Ya ce likita ya faɗi abubuwa da yawa, ciki har da “da an zo da wuri”, amma kuma ya ce ba wanda zai iya rantsuwa. Ya ce in ci abinci.

Ban tambaye shi ko ta ambace ni ba. Shi ma bai ce ba.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na nemi Dogo na ba shi haƙuri. Ya ce ai shi ma da nasa kason, ya gani ya yi shiru. Muka zauna muka saurari tsofaffin faya-fayanta tun daga na katifar nan, wanda ake jin kukan zakaran maƙwabci a baiti na uku. Kai, matar nan ta yi waƙa. Ba ta da muryar da ke fasa gilashi, ba ta rawa, ba ta canja kaya sau biyar. Tsayawa kawai take yi ta faɗi abin da ke cikin gidan kowa, sai ka ga ƙato da gemu yana neman hankici. Dogo ya ce ko yau ta ajiye, ta gama aikinta. Na ce ya rufe mini baki.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Mako guda. Inna ta kira ta ce me ya haɗa ku? Na ce aiki ne. Ta ce ita ta haife mu, kada in kawo mata aiki. Ta ce Yaya ta zo jiya ta sa an fito da tsohon keken daga sito, ta zauna a ƙasa ta dafa takalminsa, ta ce Inna ta taka. Inna ta ce gwiwarta har yanzu ciwo take yi.

Talata, 25 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Saƙo a waya, daga Yaya. “Gobe goma. Kira Dogo.”

Na goge gilashin ɗakin ɗaukar murya har sau uku.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Ta zo goma saura. Ta gaisa da Dogo, ta tambayi iyalinsa. Ni ta ce mini ina kwana, kamar yadda ake ce wa mai gadin banki.

Ta zagayo bayan na'ura, inda ba ta taɓa tsayawa ba. Ta fito da salatif ɗin daga jakarta, ya yi baƙi-baƙi ya naɗe a gefe, ta mayar da shi gefen lamba bakwai, ta danne da yatsa. Ta ja mariƙin da kanta ta sauke shi kan layin farko, na can ƙasa. Ta ce daga yau nan ne gidansa, duk ranar da ya motsa ta canja mai haɗa sauti. Taran nan kuma a ajiye su gefe, za a sake su ɗaya bayan ɗaya, ko shekara za a yi.

Ta shiga ciki. Ta ɗauki hedifon ta kai shi hagu, hannu ya saba, sai ta tsaya, ta juya shi ta sa a dama. Ta ce Dogo ya dawo gabanta inda za ta ga hannunsa. Ta tuɓe takalmi ta ɗora tafin ƙafarta a kan akwatin sifikarsa don ta ji bugun a jikinta. Na kunna jar fitilar fara ɗauka.

Ta rera “Keken Inna”. Ban taɓa jin ta ba sai yau. Akwai inda take cewa Inna ta ɗinka wa unguwa duka kayan fita, ita tana zaune da zanen jiya. Dogo yana kaɗawa yana kallon silin don kada a ga idonsa. Waƙar ta fi duk abin da ta taɓa yi, wallahi ta fi, kuma a baiti na biyu ta sauka ƙasa, ta daɗe a can kafin ta dawo. Ita ba ta ji ba. Na ga a fuskarta ba ta ji ba.

Ta gama. Ta ɗago ta dube ni ta bayan gilashi, karo na farko a kwana tara.

“Ya yi?”

Minti biyu zai ɗauke ni a kwamfuta. Ba wanda zai sani a duniya. Na danna maɓallin magana.

“Bai yi ba, Yaya. Kin sauka a baiti na biyu, daga allura har zare.”

Ta yi ta kallona. Sannan ta gyara hedifon a kunnen dama, ta gyara tsayuwar ƙafarta a kan akwatin.

“Kunnen jaki,” ta ce. “Mayar da ni farko.”

Sau goma sha ɗaya muka yi yau, ba ko ɗaya da ya yi. Gobe ƙarfe goma.